Ajin kwantam na ranar Asabar a Birnin Kebbi: abin da na samu da inda ban gamsu ba

Malaman fiziks 'yan uwana na Argungu da Jega suna yawan tambayata ko ajin nan na ranar Asabar ya cancanci kuɗin mota da kuɗin rajista. Ya cancanta. Amma wanda zai bar gidansa da sassafe ya kama hanyar Birnin Kebbi ya kamata ya san abin da zai tarar, mai daɗi da marar daɗi, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Wani dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa yake gudanar da ajin a wani ɗaki da ke jikin gidansa, wajen Badariya. Kowa Baba Malam yake ce masa. Zango ɗaya wata biyu ne, kowace Asabar daga ƙarfe 9 na safe zuwa gab da azahar. Malamai suna biyan Naira 12,000, ɗalibai rabin haka. Mafi yawan masu zuwa ɗaliban jami'a ne daga Kalgo da Aliero, sai mu 'yan tsirarun malaman sakandare. Benci ne da allo da majigi da fanka biyu, duka a kan sola. Darasin kuwa na kwantam ne, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma abu ɗaya tak ya sa a gaba: yadda elektron, 'yar ƙwayar nan mai ɗauke da cajin lantarki, ke wucewa ta tsaga biyu ya zana ratsi-ratsi a allo, da kuma bayanin da masana fiziks biyu, de Broglie da Bohm, suka yi cewa kowane elektron yana da tabbatacciyar hanya da ya bi.

Abin da ya kai ni shi ne halin da muke ciki a aji uku na babbar sakandare. Muna gaya wa yara cewa elektron ƙwaya ne kuma igiya ne, irin igiyar ruwa, mu rubuta musu lissafin de Broglie, su haddace, su ci jarrabawar WAEC, shi ke nan. Duk shekara kuma sai an samu yaro ɗaya mai kaifin ƙwaƙwalwa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ta wace tsagar ya bi?" Irin wannan yaron shi ne wanda ya fahimci inda matsalar take, kuma shi ne muke sallama da cewa ba a tambayar wannan a jarrabawa. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar farko Baba Malam bai taɓa alli ba. Ya sa aka rufe tagogi da tabarmi da tsohon bargo har ɗakin ya yi duhu, ya ɗaure 'yar fitilar leza ja a kan katako da roba, ya kafa wani ɗan gilashi baƙi mai tsaga biyu a gabanta. Tazarar da ke tsakanin tsagogin milimita 0.25 ce, sai ka matso da ido sosai kafin ka gane biyu ne. Bangon da hasken ke sauka mita 4 yake daga nan. Da ya kunna, sai ga jerin ɗige-ɗige ja a bango, haske da duhu, haske da duhu, a jere reras. Ya miƙa wa wani ɗalibi rula ya ce ya auna daga tsakiyar ratsi zuwa tsakiyar na kusa da shi. Yaron ya ce santimita ɗaya da ɗan kaɗan. Sannan aka koma lissafi: tsawon igiyar jan haske, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da na gaba da shi, nanomita 650, a ninka da mita 4, a raba da milimita 0.25, ya ba da milimita 10.4. Abin da rula ta faɗa shi lissafi ya faɗa.

Daga nan ya ɗauko reza. Hannunsa na ɗan rawa, ya riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun, yana matso da bakin rezar a hankali har ta rufe tsaga ɗaya. Ratsin nan duka suka narke suka zama faffaɗan haske guda. Ya sa ɗalibin ya ɗora yatsa a wani wuri da yanzu yake da haske, sannan ya janye rezar. Wurin ya koma duhu. Ya ce, "Kun gani? Na ƙara wa haske ƙofa, wuringa kuma ya rasa haske. Duk abin da za mu yi wata biyu a kan yatsan yaron nan yake." Na daɗe ina koyar da wannan babi, ban taɓa ganin an kafa matsalar a fili haka ba. Gani ya kori ji.

Ga haske wannan ba sabon abu ba ne, tun farkon shekarun 1800 Thomas Young ya nuna shi a Ingila, kuma bayaninsa a igiyance mai sauƙi ne: inda tudun igiyar tsaga ɗaya ya haɗu da tudun ta ɗayar sai su ƙarfafa juna, inda tudu ya haɗu da kwari sai su kashe juna. Rikicin ya fara ne da elektron. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya ce duk ƙwaya mai motsi tana da tsawon igiya. A 1927 Davisson da Germer a Amurka suka ga alamar haka da suka harba elektron a kan ƙarfen nikel. A 1961 Claus Jönsson a Jamus ya yi gwajin tsagogin da elektron. A 1974 wasu masana uku a Bologna ta Italiya suka yi shi da elektron ɗai-ɗai, sannan a 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka fitar da hotunan da suka fi shahara. Baba Malam ya haska mana bidiyon a majigi. Ɗigo ɗaya ya faɗo nan, wani can, kamar ba tsari. Elektron ɗin suna fitowa da tazarar da da wuya biyu su kasance cikin na'urar a lokaci guda, saboda haka ba karo suke yi da juna ba. Amma da ɗige-ɗigen suka taru dubbai, sai ga ratsin nan sun bayyana. Na ji daɗi da ya tsaya ya gaya mana cewa Tonomura ba tsaga biyu ya huda ba, siririyar waya mai caji ya sa ta raba hanyar gida biyu, kuma da ƙarfin lantarki bolt 50,000 aka hanzarta elektron ɗin. Malamin da ke kula da irin wannan ƙaramar gaskiya ana iya amince masa a babba.

Bayanin da ke cikin littattafanmu shi ne na Bohr da Heisenberg da mabiyansu. Akwai igiya da ke bin lissafin Schrödinger na 1926, kuma ƙa'idar Max Born ta shekarar ta ce ƙarfin igiyar a wuri shi ke nuna yiwuwar a samu elektron a wurin. Tsakanin fitowarsa da saukarsa kuwa ba a maganar hanya. Baba Malam ya koyar da wannan yadda ya kamata, bai tauye shi ba, kafin ya shiga abin da zuciyarsa ke so.

Abin da zuciyarsa ke so shi ne igiyar jagora. De Broglie ya gabatar da ita a taron masana fiziks na Solvay na 1927 a Beljiyam, ya sha suka, musamman daga Pauli, ya ajiye ta. A 1952 David Bohm ya sake gina ta cikakkiya a maƙala biyu. Maganar a taƙaice ita ce ƙwaya da igiya duka suna nan, kowanne da aikinsa. Elektron ta tsaga ɗaya yake bi, ba ya rabuwa. Igiyar ce ke bi ta duka biyun, ta haɗu da kanta a gaba, kuma yanayinta a daidai inda elektron yake shi ke yanke masa gudu da alkibla. Da ya ji daga Argungu nake, sai ya ce, "Malam, kai ka fi kowa sanin wanga. Ka tuna masunci kwance bisa gora a Matan Fada, ga tudun yashi ya raba ruwa biyu. Gora gefe ɗaya take bi, ruwa kuwa ya bi ta duka gefen. Can ƙasa inda ruwan ya sake haɗuwa, abin da ya biyo ta wancan gefen ma yana da ta cewa a kan inda gorar za ta nufa." Misalin ya shige ni, kuma shi da kansa ya nuna inda ya gaza. Ruwa da ƙarfinsa yake tura gora, amma igiyar jagora ko ta yi rauni ƙwarai tana juya elektron, domin siffarta ce ke aiki. Gora tana motsa ruwa, elektron kuwa ba ya taɓa igiyar da ke jagorantarsa ko kaɗan.

Inda kuɗina ya fita shi ne mako na huɗu da na biyar. Baba Malam ya rubuta wata 'yar manhaja da kansa a kwamfutarsa. Za ka danna wuri a cikin ɗaya daga tsagogin, sai layi ya fito yana tafiya zuwa allo. Layin ba miƙaƙƙe ba ne. Yana tafiya, sai ya karkata da sauri ya tsallake yankin da igiyoyin ke kashe juna, ya sake miƙewa a yankin da suke ƙarfafa juna. Ka matsa wurin farawar da ɗan kaɗan, sai layin ya ƙare a wani ratsi dabam. Ka sa ɗari su tashi, sai ka ga sun yi dami-dami, kowane dami ya nufi ratsin haske, wuraren duhu kuma kusan babu mai sauka. Ya rufe tsaga ɗaya a manhajar, layukan suka baje sumul ba karkata. Wannan shi ne yatsan yaron nan na ranar farko, yanzu da dalilinsa a gaban ido. Irin wannan zanen Philippidis da Dewdney da Hiley ne suka fara lissafa shi a Landan a 1979, kuma ya manna kwafinsa a bango. Ya nuna mana wani abu da ban sani ba a da: layukan ba sa tsallake tsakiya. A bayanin Bohm, idan tsagogin daidai suke, elektron da ya sauka a rabin allo na sama ta tsagar sama ya biyo. Ga amsar tambayar ɗalibina, aƙalla a cikin wannan bayanin.

Ya kuma warware abu biyu da ke ɗaure wa mutane kai. Na farko, idan kowane elektron yana da tabbatacciyar hanya, daga ina rashin tabbas ya fito? Daga rashin sanin ainihin inda ya fara. Idan wuraren farawar sun rarrabu yadda ƙa'idar Born ta ce, lissafi ya nuna haka za su ci gaba da rarrabuwa har allo, shi ya sa sakamakon Bohm da na littafi suke zuwa ɗaya. Na biyu, me ya sa ratsin ke ɓacewa idan aka kafa na'urar da za ta gano tsagar da ya bi? Domin yanzu igiyar ta ƙunshi elektron da na'urar tare. Ɓangaren da ya bi sama yana tare da na'ura mai nuna sama, na ƙasa yana tare da mai nuna ƙasa, ba su da sauran wurin haɗuwa balle su kashe juna. Babu zancen cewa idon mutum ko tunaninsa ne ya canza wani abu. Wannan kaɗai ya isa a gode masa, ganin irin shirmen da ake yaɗawa a TikTok da sunan kwantam.

Yanzu ga inda ban gamsu ba, kuma na faɗa masa a gabansa kafin in rubuta.

Baba Malam yana son Bohm so mai yawa, har wani lokaci son yana rinjayar koyarwar. Wata ɗaliba daga Kalgo, wadda ita ce ta fi mu duka lissafi, ta tambaye shi, "Baba, waɗannan layukan wa ya taɓa ganinsu?" Ya ce, "Ɗiyata, an gan su a Kanada a 2011." Ya nuna hoton gwajin da ƙungiyar Aephraim Steinberg ta yi a Jami'ar Toronto, kuma lallai layukan sun yi kama da na 1979. Sai dai ba hanyar ƙwaya ɗaya aka bi aka gani ba. Ƙwayoyin haske masu ɗimbin yawa aka yi wa wani irin awo mai rauni, aka ɗauki matsakaicin alkiblarsu a wurare dabam-dabam, aka haɗa layukan daga baya. Bayanin littafi ma wannan sakamakon yake hasashe. Saboda haka gwajin bai raba gardama ba. Sai da yarinyar ta matsa kafin ya yarda da haka, alhali shi ya kamata ya fara faɗa. Ɗalibin da bai yi tambaya ba zai koma makaranta yana cewa an tabbatar da Bohm, kuma ba a tabbatar ba.

Haka ya yi da bidiyon ɗigon mai. Yves Couder da Emmanuel Fort a Faransa sun nuna cewa ɗigon mai na iya tsalle-tsalle a kan man da ake girgizawa, igiyar da ya tayar tana tura shi gaba, kuma a 2006 suka ba da rahoton cewa ya nuna alamar ratsi bayan ya wuce tsaga. Bidiyon yana da ban sha'awa, ajin ya yi tsit. Abin da bai faɗa ba shi ne wasu masana a Denmark a 2015, da wasu a Amurka daga baya, sun maimaita gwajin tsaga biyun da kulawa sosai ba su samu ratsin kwantam ba. Wanda ya gaya mana zancen wayar Tonomura bai kamata ya tsallake wannan ba.

Sannan akwai farashin da bayanin Bohm ke biya, wanda ya bari sai Asabar ta ƙarshe ya bi ta kansa a gurguje. Idan ƙwayoyi biyu suka sarƙu da juna, wato halin ɗaya ya ɗauru da na ɗayar, igiya ɗaya ce ke jagorantarsu, kuma gudun wannan ya dogara da inda waccan take a daidai wannan lokacin, ko da nisan duniya ne tsakaninsu. Wannan yana wahalar zama da ƙa'idar Einstein da ta hana kowane saƙo wuce haske gudu, duk da cewa ba a iya aika saƙo ta wannan hanyar. Gaskiya ne John Bell ya nuna a 1964 cewa duk bayanin da zai ba ƙwayoyi tabbatattun halaye tun kafin awo, kuma ya dace da hasashen kwantam, dole ya ɗauki irin wannan tasiri na nesa, kuma gwaje-gwajen da suka sa Aspect da Clauser da Zeilinger suka samu kyautar Nobel a 2022 sun goyi bayan hasashen kwantam. To amma wannan babi ne na mako biyu, ba na awa ɗaya ba. Batun yadda ake faɗaɗa bayanin ya kai ga inda ƙwayoyi ke haifuwa suna ɓacewa kuwa jimla biyu ya samu.

Tarihin ma yana ba da shi ta fuska ɗaya. Ya ba mu labarin hujjar von Neumann ta 1932 da aka ɗauka ta rufe ƙofar irin wannan bayani, da yadda Grete Hermann ta gano raunin hujjar a 1935 ba a saurare ta ba, da yadda Bohm ya rasa aikinsa a Jami'ar Princeton ta Amurka a zamanin farautar 'yan gurguzu ya koma São Paulo ta Birazil. Duk gaskiya ne, kuma yana ba da shi da zafin rai har muryarsa na rawa. Amma a wurinsa siyasa ce kaɗai ta danne Bohm. Ni ina ganin akwai dalili mafi sauƙi: bayanin bai kawo wani sabon hasashe da za a gwada ba, kuma mai son lissafa abin da zai faru a ɗakin gwaji ba ya bukatar layukan. Einstein kansa, wanda bai taɓa gamsuwa da bayanin Bohr ba, ya rubuta wa Born cewa yana ganin hanyar Bohm ta yi araha da yawa. Na kuma so a ce ya ware lokaci ya bambanta layukan Bohm da hanyoyin Feynman na 1948, inda ake tara gudummawar dukkan hanyoyin da za su yiwu a matsayin dabarar lissafi. Ɗalibai biyu sun fita suna ɗaukar abu ɗaya ne.

Ta ɓangaren jin daɗin zama, a shirya wa zafi. Idan aka rufe tagogi don leza, ko aka kunna majigi, sai an kashe fanka saboda batirin ba ya ɗaukar duka. Wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Takardun da yake rabawa hoto ne na hoto, wasu alamomin lissafin sun dushe har sai ka tambayi na kusa da kai, kuma da Turanci suke duk da cewa bayanin baki yawanci da Hausa yake yi. A gefe guda, ba ya makara ko da minti biyar, mata suna da bencinsu kusa da ƙofa, ana tashi da wuri yadda na nesa zai isa gida da rana, kuma ba ya wasa da zancen kada a haska leza a idon kowa. Manhajar tasa kyauta yake sa wa duk wanda ya kawo filashi, tana aiki ba intanet.

Na riga na kai abin ajina. Da fitilar leza ta kasuwa da gashin kai guda ɗaya, wanda shi ma yana ba da ratsi a bango, na nuna wa yara karon igiyoyi, sannan na buɗe musu layukan a kwamfuta. Na gaya musu cewa wannan bayani ɗaya ne daga cikin bayanan da masana ke gardama a kansu, cewa lissafa layukan aka yi, kuma a takardar WAEC su amsa yadda manhajar karatu ta tsara. Tambayoyin da suka biyo baya sun cinye sauran lokacin darasin har muka shiga na malamin lissafi.

Malamin sakandare da ɗalibin jami'a daga aji biyu zuwa sama su ne za su fi amfana. Ɗan sakandare zai ji daɗin mako uku na farko, daga nan lissafin zai yi masa nauyi, domin Baba Malam yana ɗauka kowa ya san lambobi masu ɓangaren zato (complex numbers) da lissafin sauyi (calculus), kuma ba ya komawa baya. Wanda ya daɗe rabonsa da waɗannan ya bita su kafin ya zo. A taho da littafin zane mai gida-gida, da filashi, da ruwan sha mai yawa, a kuma zauna kusa da bangon da hasken ke sauka, don daga bencin baya ba a ganin ratsin sosai. Idan ya kai kan gwajin Toronto da ɗigon mai, a yi masa tambaya. Yana amsawa da gaskiya idan an tambaya, kuma ba ya fushi.